Madam Barira da Guntun Ƙusar da Ya Maƙale a Bakin Yaya Ma'u

Kafin masu shayi su gama hura wuta a bakin kwalta, Madam Barira ta riga ta jingine tsohon baburinta a gindin dogonyaron da ke ƙofar ɗakin haƙori. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. "Kun kwana lahiya" ɗaya za ta jefa wa mutanen da ke jere a kan benci, ta shige ciki, ta ɗora tukunyar da take dafa ƙarafan aikinta. Sai tukunyar nan ta yi huci ta huce, ta shimfiɗa farin ƙyalle ta jera su, sannan ta leƙo ta ce, "Wa ya riga zowa?" Ko kai wane ne, ko da wace mota ka zo, layi za ka bi. Da idona na ga wani babban ɗan kasuwa mai manyan motoci zaune a bayan wata tsohuwa da ta taso daga wani ƙauyen Tibiri a kan amalanke, kumatunta ɗaure da kallabi. Yana ta duba agogo yana tsaki, amma haka ya jira har aka gama da ita.

Ni sunana Ma'azu, kayan babur nake sayarwa a kasuwar Dogon Dutsi, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma da na ji an ce ƙarshen shekarar nan Madam Barira za ta ajiye aiki ta tafi ritaya, na kasa kunne ban ji wani ya ce uffan ba, sai raina ya ɓaci. Haba jama'a! Mace ta shafe ƙuruciyarta da ƙarfinta tana sunkuye cikin bakunanmu, bakunan da mu kanmu ba mu son leƙawa, sai ta tattara kayanta ta tafi gida shiru kamar wadda ta zo cin kasuwa? Wallahi ba za a yi haka da ni ba. Ko kowa ya yi shiru ni sai na faɗa.

Madam Barira ba babbar lokotoro, wato likita, ba ce, kuma ita ce ta farko da za ta gaya maka haka. Ma'aikaciyar haƙori ce: tana cirewa, tana cikewa, tana wankewa, tana haɗa na roba. Ba ta da sakin fuska sosai, faɗa ma ba ta raina shi. Idan ka zo da haƙorin da ka bari ya ruɓe sai ka sha magana kafin ka sha magani. Amma hannunta sanyi gare shi. Wani makiyayi da na sani ya zo da kumburi har ido ya rufe, ya ce shi dai a zare masa haƙoran gefen duka ya huta. Ta ƙi. Ta cire guda ɗayan da ya mutu, ta yi ta jinyar sauran, yau da su yake cin nama.

'Yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo mana, wato dashen haƙori. Masu hali sukan tafi Yamai ko ƙasashen waje a dasa musu, su dawo suna ta washe baki. Kafin abin ya shafi gidanmu ni ma zato nake ƙarfe ɗaya ne ake kafawa kamar turke. Ashe hawa uku ne. Akwai gindi, ƙarfen da ake binnewa cikin ƙashin muƙamuƙi har ƙashi ya kama shi. Akwai wuya, wanda ke zama a kan gindin. Sai kan haƙorin, farin da muke gani. Abin da ke riƙe na sama da na ƙasa kuwa wata 'yar ƙusa ce mai murɗi, siririya, in ta faɗi ƙasa sai ka yi da gaske ka gan ta. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ba ruwan ke fara lalacewa ba, ba kuma ƙota ba, mahaɗarsu ce. To haka wannan ma.

Da Madam Barira ta ga mutanen garinmu sun fara dawowa da ƙarfe a baki, kuma mai dashen yana can nesa, ba ta ce ba ruwanta ba. Hutunta na shekara ta ɗauka ta tafi Yamai ta zauna gaban masu aikin, ita da furfurarta, ta koyi kula da shi. Ta dawo da wani ɗan makulli mai awo na ɗaure ƙusar dashe a cikin jakarta. Ba wanda ya aike ta, kuma ba wanda ya san ta je sai da buƙata ta taso.

Ke ce, Barira, kika hango matsalar tun ba ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Ƙofar da ta fara ƙwanƙwasawa kuwa tamu ce.

Yayata Ma'u malamar lekol ce, wato makarantar boko, a Kiéché, kuma ajin farko take riƙewa, na ƙananan da ba su san ko riƙon alli ba. Ita ta zaɓi ajin, don ta ce babu abin da ya kai daɗin ranar da yaro ya fara haɗa baƙi da wasali. Shekarun baya kabu-kabu ya kayar da ita a hanyar dawowa gida, ta bugi dutse da baki, haƙoranta huɗu na gaba na sama suka tafi. Aka yi mata na roba, irin wanda ake sawa a cire. Wata rana tana gaban allo, ta buɗe baki za ta ja wasali, abin ya suɓuce ya faɗo kan siminti ya yi tsalle. Yara ba su da laifi, dariya suka yi, wasu har da faɗuwa daga benci. Yaya Ma'u ta duƙa ta ɗauka, ta fita, ba ta sake shiga aji ba. Ta roƙi darakta, shugaban lekol ɗin, ya mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai. Ta rantse ba za ta ƙara sa na roba ba. Daga nan gefen mayafinta ya koma kan bakinta, ko biki ta je a lungu take zama, ko da mu 'yan uwanta sai ta kawar da kai take magana. Na yi kewar dariyar yayata ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Ɗanta Salman, da ya samu aiki a Yamai, shi ya ɗauke ta ya kai ta wurin wani lokotoro mai dashe. Mutumin ya yi aiki mai kyau, kuma bai ɓoye musu komai ba. Ya ce buguwar ta cinye ƙashin wurin, da ƙyar ya samu inda zai kafa gindi biyu ya ɗora haƙoran huɗu a kansu. Ya ce su riƙe da kyau, domin in ɗaya ya lalace babu ƙashin da za a sake dasa wani. Ya haɗa ta da Madam Barira don ta riƙa duba ta a gida.

Kai, ku zo ku ga Yaya Ma'u da ta dawo! Mayafi ya sauka kafaɗa. Dariya take yi har ga abin da bai kai a yi wa dariya ba. Ta karɓi ajinta, muryarta har bakin hanya ake jin ta.

Ina wurin ranar da Madam Barira ta fara duba ta. Ta ƙwanƙwasa, ta girgiza, ta ce lafiya lau. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Madam Ma'u, ki saurare ni. Tuwo, nama, gyaɗa, duk ki ci. Abin da ke danna shi cikin gindinsa, haƙorin ga na iya ɗauka. Abin da ba ya so shi ne a ɓamɓare shi gaba ko gehe. Ban da rake, ban da tsinke zare, ban da goriba."

"Goriba kuma, Hajiya? Ai ƙarhe ne anka sa mini."

"Ƙarhe ne, amma ƙusar da ke riƙe da shi ba ta kai tsinken tsintsiya kauri ba. Na dai gaya miki."

Yaya Ma'u ta ce to. Amma wanda bai san lekol ɗin ƙauye ba ba zai gane ba. Yaran nan ba su da abin kai wa malamarsu sai goriba, su tsinto ta a fadama, su goge da riga, su ajiye a kan tebur suna leƙen fuskarta. Shekara da shekaru tana karɓa tana kai wa jikoki, yara suna raɗa cewa Madam ba ta da haƙoran ci. Yanzu ga haƙora fari tas. Ranar da wata yarinya ta miƙo mata, sai ta kafa haƙoran nan a gaban aji ta gwaguya, yara suka yi ta tafi. Daga ranar kullum sai ta gwaguya, ba don kwaɗayi ba, don su gani.

Cikin hutun damina haƙoran suka fara motsi, kaɗan-kaɗan, sai ta taɓa da harshe take ji. Sannan ɗan cikon da ya rufe ramin ƙusa ta bayan haƙori ya fita. Da ta zo wurin Madam Barira a lokacin, aikin bai wuce a ɗaure a sake rufewa ba. Amma kunya ta hana ta, don ta san tambayar farko goriba ce.

Akwai Luƙman, mai gyaran salula a kusa da tasha, magidanci ne da iyalinsa, kuma Yaya Ma'u ce ta koya masa karatu yana ƙarami. Ta kai masa wayarta gyara, hira ta kawo hira, ta ba shi labari. Ya haska fitila ya leƙa, ya ga kan ƙusa ƙuru-ƙuru irin wanda yake kwancewa kullum.

"Madam, wanga ai ba komi ba ne. Ina da turnabis daidai shi. Don wanga za ki tahi layin asibiti?"

Mu mutanen nan, duk abin da ya yi girgiɗi magani ɗaya muka sani, a ƙara ɗaurewa. Ƙafar amalanke, ƙyauren ɗaki, madubin babur, murɗa har sai ya ƙi tafiya, sannan ka ƙara rabin juyi don tsaro. Luƙman ya wanke turnabis ɗinsa, wato sukudireba, da sabulu, ya yi bisimilla, ya murɗa da zuciya ɗaya don malamarsa. Ya tsaya. Ya ƙara na tsaron. Sai suka ji ƙas.

Ni na ɗauko ta a babur zuwa ɗakin haƙori, hannunta dafe da baki. Madam Barira ta kwantar da ita a kujera, ta kwance ɗaya ƙusar mai lafiya, ta ɗauke haƙoran huɗu gaba ɗaya ta sa a ɗan kwano, don ta ce in an bar su a kan gindi ɗaya shi ma zai tafi. Ta daɗe tana leƙa ramin. Ina jira ta fara faɗa, wallahi har na shirya kare yayata. Ba ta yi ba.

"Ƙusar ta karye a ciki," ta ce. "Kan ya hito, ƙasan ya tsaya can cikin gindi. In na hidda guntun ba tare da na taɓa murɗin da ke cikin gindin ba, sabuwa za ta shiga, ki koma yadda kike. In murɗin ya ɓaci, gindin ya tashi aiki, sai a yanke shi daga ƙashi. Kin san kuma abin da lokotoro ya ce game da ƙashin."

Yaya Ma'u ta kawar da kai. Hannunta kawai na ga ya laluba ya jawo gefen mayafi ya rufe baki. Wallahi da na ga wannan hannun na san inda ya nufa.

A gabanmu Madam Barira ta kira lokotoron Yamai. Suka yi shawara kamar abokan aiki. Ya ce yana da na'urar huda guntu, amma ko a hannunsa akwai kasada, domin ramin ƙanƙane ne kuma baki ba ya tsayawa cik. Ya ce in tana iya lallaɓa shi ya juyo da kansa, ya fi. Shi kuma zai aiko da sababbin ƙusoshi na ainihin kamfanin da ya ƙera gindin, domin na wani kamfani ko ya shiga ba ya zama daram.

Ni da nake ganin karyayyen noti kullum a cikin injin babur, sai bakina ya yi ƙaiƙayi.

"Hajiya, mu in irin haka ta samu, hudawa muke mu kafa wani ƙarhe mu murɗo shi. Minti kaɗan ne."

Ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Ma'azu, in kun ɓata ramin injin mi kuke yi?"

"Mu sake yanka wani murɗin, ko mu sai wani."

"To ina shagon da zan sai wa yayarka wani muƙamuƙi? Zamna can, ko ka hita."

Na zauna.

Abin da ya ƙara matse mu shi ne buɗe lekol ya kusa, gero ya riga ya nuna a gonaki. Darakta, mutumin kirki, ya zo gaishe ta har gida, ya ce ba takura ba ce, amma dole ya san wanda zai riƙe ajin farko kafin yara su dawo. Yaya Ma'u ta bayan mayafi ta ce a ba wani. Ta ce ɗakin littattafai yana nan, ta san hanyarsa. Shekarunta na aiki saura kaɗan, kowa ya san in ta bar ajin wannan karon ta bar shi ke nan.

Da na kai wa Madam Barira wannan labari, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Koma ka ce wa darakta ya dakata. Ka ce Barira ce ta ce. Ita kuma ka kawo min ita gobe in na sallami layi, ko tana so ko ba ta so."

Haka muka fara zarya. In ta gama da mutanen benci, rana ta take, sai ta rufe ƙofa ta zauna a kan Yaya Ma'u. Tana da wata na'ura mai karkarwa da take kankare dattin haƙori da ita. Sai ta ɗora bakin na'urar a kan guntun a hankali don ya saki, sannan ta sa wani siririn ƙarfe mai tsini tana neman inda za ta tura shi hagu. Ta yi, ta yi, sai wuyan Yaya Ma'u ya gaji, ta ce a tashi sai gobe. Ba ta taɓa yin gaggawa ba, ba ta kuma taɓa cewa ya kusa ba alhali bai kusa ba. Guntu dai ko gezau, domin Luƙman ya ɗaure shi ɗaurin gaske.

Wata rana Yaya Ma'u ta ture hannunta ta tashi zaune, hawaye na zuba.

"Hajiya, ki bar shi. Ni na jawo wa kaina. Kin hana ni goriba na ci, kin ce in zo ban zo ba. Ki bar ni in koma inda na hito."

"Kin gama?" in ji Madam Barira. "Goriba kinka ci, ba haram kinka ci ba. Ɗiyan mutane na can na jiran wanda zai koya musu karatu. Ni ban gaji ba, ke da ke kwance mi ya gajishe ki? Koma ki buɗe baki."

Ta koma ta buɗe.

Amma a ranar, bayan sun tashi, na ga Madam Barira ta zauna tana murza idanu. Ta ce da ni, ba tare da wani kewaye-kewaye ba, idonta ba na da ba ne. Tana jin guntun da hannu, amma ba ta ganin fuskar karayar sosai, kuma ba za ta yi ta tsokane a makance kusa da murɗin ba. Sannan ta ce, "Wanda ya karya shi, da mi yake ganin cikin salula?"

Luƙman tun ranar da abin ya faru bai ƙara bin ƙofar gidanmu ba, ko a masallaci ya hango ni sai ya canza sahu. Da na je na ce Madam Barira na kira, sai da ya yi salati. Ya zo kamar wanda za a kai gaban alƙali, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Hajiya, ni ne. Duk abin da kunka yanke mini daidai ne."

"Tashi, ba shari'a na kira ka ba. Ina gilashin nan da kake ɗaurawa a goshi, mai hitila? Shi nake so aro. Turnabis ɗinka kuwa ya tsaya a shago, kada in sake jin ya shiga bakin mutum."

Da gudu ya je ya kawo. Ta goge shi da magani, ta ɗaura a kan kallabinta. Da ba don halin da muke ciki ba da na yi dariya, don ta koma kamar mai gyaran rediyo. Ta leƙa, sai na ji ta ce, "Yawwa. Ga ka nan." Ashe ƙusar ba a shafe ta karye ba, akwai ɗan tudu a gefe ɗaya.

Sai ta yi abin da ban zata ba. Ta ajiye ƙarafan, ta ɗauko wani siririn tsinken itace busasshe da ta riga ta fere ta dafa. Ta ce ƙarfe in ya zame zai karci murɗin, itace kuwa sai dai shi ya ji ciwo. Ta fara sa na'ura mai karkarwa, sannan ta danna tsinken a kan guntun har ɗan tudun ya nutse cikin itacen, ta murza hagu da yatsu biyu. Tsinke ya murƙushe. Ta ɗauko wani. Shi ma ya tafi. Ɗakin tsit, sai ƙarar fanka da numfashin Yaya Ma'u. Gumi na bin haɓar Madam Barira yana ɗiga a rigarta, ba ta ko share ba. Ban san tsinke nawa ta ɓata ba, na dai ga sun taru a kwano.

Can sai ta tsaya cak.

"Kada wanda ya motsa," ta ce a hankali. "Ya juya."

Ta ci gaba, kaɗan, kaɗan, kamar mai zare ƙaya daga ƙafar jariri. Sannan ta sa ɗan hantsaki ta ɗago wani abu ta ajiye a kan farin ƙyalle. Na matso na duba. Wallahi bai fi ƙwayar shinkafa ba. Wannan ɗan abin ne ya hana gidanmu barci, ya kusa raba mace da aikinta. Luƙman da ke raɓe a bakin ƙofa ya fashe da kuka, ƙato da shi. Madam Barira ba ta yi murna ba tukuna. Sai da ta wanke ramin, ta gwada tsohuwar ƙusa mai lafiya a ciki da yatsu kawai, ta ji ta shige sumul har ƙasa, sannan ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi. Murɗin na nan lahiya."

Ƙusoshin Yamai suka iso a motar haya. Ta ce duka biyun za ta sake, domin ɗayar ma ta sha wahalar goriba, ƙarfe kuma in ya gaji ba ya nunawa a ido. Ta zaunar da haƙoran, ta duba ta tabbatar sun zauna ba rata ko ta gashi, sannan ta ɗauko ɗan makullin nan mai awo. Tana murɗawa a hankali, sai wuyan makullin ya karkace da kansa. Ta zare.

Ni dai hali ba ya ɓuya. "Hajiya, ba a ɗan ƙara ba, don tsaro?"

Yaya Ma'u da bakinta a buɗe ta kai mini duka da ƙafa.

"Ƙarin nan naku shi ya kawo mu nan," in ji Madam Barira. "Ƙusar ga, in an ɗaure ta, miƙewa take kaɗan, wannan miƙewar ita ke riƙe haƙori. In ba ta kai ba, ya yi motsi. In ta wuce, ta tsinke. Wanda ya ƙera ta ya hwaɗi iyakarta, makulli kuma ya tsaya a nan. Ni ban hi su sani ba, bare kai."

Ta rufe ramukan da ciko, ta sa Yaya Ma'u ta ciji wata 'yar takarda mai launi, ta goge inda ya yi tudu. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wata ƙaramar wuƙa mai naɗewa ta sa mata a hannu.

"In ɗiyan sun kawo goriba, kada ki ƙi, ba a ƙin kyautar yaro. Ki kankare da wagga ki ci da na ciki."

Ranar buɗe lekol ni na kai Yaya Ma'u Kiéché. Ban juyo nan da nan ba, na laɓe a jikin taga. Ƙananan nan sun cika aji, wasu na kuka, wasu na cin majina. Ta tsaya a gaban allo, na ga hannunta ya tashi ya nufi gefen mayafi, sai ta gyara shi a kafaɗa ta bar shi nan. Ta rubuta harafin farko, ta juyo, ta buɗe baki har iyakarsa ta ja shi, aji duka ya amsa. Na koma kan baburina na zauna, na daɗe ban tayar ba, don idona ya cika.

Ke ce, Barira, kika tsaya a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba kamar ranki ne a ciki, domin kin san abin da ke rataye da shi. Ke ce kika ƙi hanyar sauri da kowa ke so, har da ni. Ke ce kika faɗi gaskiyar idonki ba ki ji kunya ba, kika ari gilashin wanda ya yi ɓarnar, kika mayar masa da mutuncinsa a cikin gari. Barira mai hannun sanyi, mun gode. Gidanmu ya gode, Luƙman ya gode, iyayen yaran Kiéché da ba su ma san sunanki ba sun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin ritaya, ya ƙara wa idanun nan haske, ya saka miki da abin da ba mu iya biya.

Ku kuma matasan Arewa, maza da mata, da ke neman abin karantawa, ga kujera nan za ta zama wayam. Masu ƙarfe a baki sai ƙaruwa suke, Yamai kuma ba ta matso kusa ba. Ku je ku koyi aikin nan, ku dawo gida ku yi shi yadda ta yi, da haƙuri da taurin kai. Kafin ta rufe ƙofa ku je ku zauna kusa da ita, za ku sha faɗa, amma za ku tashi da abin da ba a sayarwa. Sauran jama'a kuwa, in abu ya yi motsi a bakinku ku kai shi ɗakin haƙori tun yana motsi, ku bar kasuwa da gyaran salula.

Makon jiya na bi ta Kiéché na leƙa ajin. Akwai goriba uku a kan tebur. Yaya Ma'u na zaune tana kankare ɗaya da 'yar wuƙar Barira, yara sun kewaye ta, tana ba su labari tana dariya, bakinta a buɗe.